Baƙin Dala da Koren Kwabo: Tsofaffin Sulalla a Hannun Hausawan Adjamé da Treichville

Bahaushe ya gaji son ƙarfe mai sheƙi. Uwargida takan goge tasoshinta da toka, ta jiƙa munduwarta ta azurfa cikin ruwan tsamiya ko na lemun tsami har ta yi fari fat. Idan ƙarfe ya dushe akan ce ya yi dauɗa, in abin ya wuce nan a ce ya yi tsatsa. Ita kalmar tsatsa a asalinta ta baƙin ƙarfe ce, wato jan ɓarɓashin nan da ke cin fartanya da wuƙa, amma a bakin jama'a ta faɗaɗa har ta ɗauki kusan kowane sauyin launi a jikin ƙarfe. A wurin tasa da munduwa wannan faɗaɗawar ba ta da illa. A wurin tsofaffin sulalla kuwa, waɗanda masu tara kayan tarihi ke nema, tana jawo hasara, domin abubuwa biyu mabambanta take haɗawa a suna guda. Akwai baƙin da shekaru ke shimfiɗa wa azurfa da tagulla, wanda galibi sutura ce gare su. Akwai kuma cin da gishiri da danshi ke yi musu, wanda in aka ƙyale shi sai ya huda ƙarfen. Daga cikin wuraren da 'yan kasuwar Hausawa suka daɗe da cin karo da wannan bambanci akwai unguwanni biyu na birnin Abijan a ƙasar Kwaddibuwa, wato Adjamé da Treichville.

Abijan ta zama hedikwatar mulkin Faransa a wannan ƙasa a 1934, bayan Grand-Bassam, wadda annobar shawara ta 1899 ta kori Turawa daga cikinta, da kuma Bingerville. Turawa suka kama tudun Plateau, suka bar wa 'yan Afirka Adjamé a arewa, bayan barikokin soja, da Anoumabo a kudu, a tsibirin Petit-Bassam da ke ƙetaren tafkin Ébrié. Ita ce aka sauya wa suna zuwa Treichville don tunawa da Bafaranshe Marcel Treich-Laplène. Layin dogon da aka fara shimfiɗawa a 1904 an raɗa masa suna Abijan zuwa Nijar, ya isa Bouaké a 1912, Bobo-Dioulasso a 1934, Wagadugu a 1954, amma bai taɓa taka ƙasar Nijar ba. Mutanen Nijar ɗin ne suka tako zuwa gare shi. 'Yan ci-rani daga Adar da Maraɗi da Damagaram suka riƙa gangarowa kurmi, musamman bayan da aka buɗe mashigin Vridi a 1950 jiragen teku suka fara shigowa tafkin. Har yau harshen birnin na ɗauke da sawunsu: mai sayar da kofi a bakin titi ana kiransa aboki, abincin nan na garin rogo da soyayyen kifi kuma sunansa garba, sunan da ake dangantawa da 'yan Nijar da suka fara sayar da shi.

Kuɗin da suka biyo hanya

Kafin a yi maganar launin sulai dole a san ƙarfen da aka buga shi da shi, kuma wannan tarihi ne kaɗai ke faɗa. Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce. Lokacin da Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851 ya tarar dalar azurfa guda tana kai wuri 2,500. Fitacciya cikin irin waɗannan daloli ita ce ta ƙasar Ostiriya mai hoton sarauniya Maria Theresa, wadda ake kira liyari ko dala. Nauyinta giram 28 da 'yan kai, kashi 833 cikin dubu azurfa ne, ragowar jan ƙarfe. Da Faransawa suka zo da nasu sulan azurfa na faran biyar, mai giram 25 da azurfa kashi 900 cikin dubu, sai sunan dala ya koma kansa. Shi ya sa har yanzu Bahaushen Nijar ke ƙirga kuɗi biyar-biyar, ya kira sefa ɗari dala ashirin. Julawan Adjamé ma haka suke yi da tasu kalmar, dorome, don haka Ba'adare da Bajule lissafinsu na ciniki iri ɗaya ne, ko da babu mai jin harshen wani.

Yaƙin Duniya na Farko ya janye azurfar Faransa daga kasuwa. Ƙarancin ya kai ga a 1917 an buga ƙananan takardun kuɗi na rabin faran da faran ɗaya da biyu domin Kwaddibuwa da maƙwabtanta. Azurfar da ta rage a hannun jama'a wasu suka binne ta cikin tukwane, wasu suka kai wa maƙeran fari suka narke ta, wasu kuma aka huda su ko aka liƙa musu kunne mata suka rataya. Kowace hanya daga cikin waɗannan ta bar irin nata tabo. Abin da ya biyo baya ƙarfe ne mai araha: sulallan 1948 na faran ɗaya da biyu na sanholo masu kan barewa, sai na 5 da 10 da 25 na gaurayen tagulla a 1956, daga baya kuma na babban bankin BCEAO, wanda ya fitar da sefa 100 ta nikel a 1967 da sefa 50 a 1972. Tambarin da ke jikinsu siffar wani kifi ne mai baki kamar zarto, an ɗauko ta daga ma'aunan tagulla da mutanen Akan, irin su Baule da Anyi, ke auna garin zinariya da su tun kafin zuwan Turawa.

Ta gefen Ingila kuwa, fatake masu ratsa Gwalkwas da Nijeriya sun shigo da sule da sisi da taro da kwabo da anini. Biyun ƙarshe suna da abin lura. Sunan kwabo daga kalmar Ingilishi mai nufin jan ƙarfe aka aro shi, amma kwabon Afirka ta Yamma mai huji a tsakiya fari ne, gaurayen jan ƙarfe da nikel, bai koma ja ba sai a 1952. Shi kuma anini, wato kashi ɗaya cikin goma na kwabo, da sanholo aka fara buga shi a 1907, yana cikin sulallan sanholo na farko da aka taɓa kashewa a duniya. Bai jure ba. Danshi da gumi suka cinye shi da wuri, a 1908 aka sauya masa ƙarfe. Sunan dai ya rayu, ya koma kan maɓalli da tauraron kafaɗar hafsa.

Abin da launi ke faɗa

Azurfa ba ta yin tsatsa irin ta baƙin ƙarfe. Abin da ke baƙanta ta farar wuta ce, wadda ke yawo cikin iska a siffar hayaƙin nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Tana fitowa daga ruɓaɓɓen ruwa, da ulu, da robar ɗaurin kuɗi, da wasu takardu, da ƙwai da albasa. Idan ta sauka kan azurfa sai su haɗu su yi wata 'yar fata siririya ƙwarai. Tun tana sirara haske kan ratsa ta ya dawo da launi: da farko ruwan zuma, sannan ja-ja, sannan shuɗi, in ta yi kauri ta zama baƙi ƙirin. Muhimmin abu a nan shi ne, da jikin azurfar aka yi wannan fata. Wanda ya kankare ta ya kankare saman sulan kenan, tare da siraran layukan da matsin bugu ya bari, waɗanda su ne ke ba sabon sulai ƙyallinsa na ma'aikata. Wannan ƙyalli ba ya dawowa. Sheƙin da toka ko man goge ƙarfe ke bayarwa wani abu ne daban, kuma gogaggen mai saye daga nesa yake gane shi, ya karya farashi.

Azurfar da ta daɗe binne cikin ƙasa mai gishiri takan fito da wani ɓawo na daban, ruwan toka mai ratsin shuni, taushinsa kamar kakin zuma. Wannan haɗin azurfa ne da kuloraid, sinadarin da ke cikin gishiri, kuma a ƙarƙashinsa akan tarar ƙarfen ya yi rauni. Ba baƙin iska ba ne, ko da yake a ido suna kama.

Jan ƙarfe da tagulla su ne masu rikitarwa, domin kore iri biyu suke yi. Kwabon da ya tsufa lafiya yakan yi ruwan ƙasa mai duhu, wani lokaci da kore mai ƙarfi, santsi, manne da jiki, rubutu da hoto na fitowa sarai ta cikinsa. Wannan ya daina motsi, yana ma kare abin da ke ƙasa. Ɗayan koren kuwa fari-fari ne, gari-gari, yakan tsiro a ɗigo-ɗigo kamar ƙuraje. Masu adana kayan tarihi suna kiransa cutar tagulla, kuma sunan ya dace. Kuloraid ne ya shige cikin ƙarfen ya kwanta. Da ya samu danshi da iska sai ya tashi ya fitar da koren garin tare da asid, asid ɗin ya ci sabon wuri, sabon wurin ya sake haifar da gishirin da ya fara aikin. Haka zai yi ta zagayawa har sai an raba shi da ruwa ko an cire kuloraid ɗin.

A nan ne wuri ke shiga lissafi. Cutar tagulla takan kwanta idan danshin iska ya yi ƙasa da kimanin kashi 40 cikin ɗari. A Maraɗi ko Kano, lokacin hunturu, danshi kan sauka ƙasa da haka nesa. A Abijan kuwa yawancin shekara yana kan kashi 80 ko fiye, ga iskar teku mai gishiri, ga tafkin da buɗe Vridi ya ƙara wa gishiri, ga warin farar wuta da ke tashi daga lungunansa inda ruwan kwata ke zuba. Saboda haka kwabon da ya shekara hamsin cikin adakar wata tsohuwa a Tasawa ba tare da ya nuna komai ba, yana iya fesowa da kore cikin damina ɗaya a ɗakin ajiya na Treichville. Sanholo ma haka, fararen ramuka yake yi, kuma ramin sanholo ba ya gyaruwa.

Kasuwar da ake sayen tsufa

Bayan samun 'yancin kai a 1960 Abijan ta zama ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin cinikin kayan gargajiyar Afirka, kuma Hausawa na cikin jigoginsa tare da Julawa da Wolof. Masanin ɗan'adam Christopher Steiner ya zauna da waɗannan 'yan kasuwa a ƙarshen shekarun 1980, a kasuwar Plateau da ɗakunan ajiya na Hausawa a Treichville, ya fitar da littafinsa African Art in Transit a 1994. Sulalla ba su ne jigon cinikin ba. Sassaƙen katako ne a gaba, sai duwatsun ado da ma'aunan zinariya na tagulla. Amma darasin da kasuwar ta koyar ya shafe su duka: Bature mai tara kaya tsufa yake saye, kuma da launi yake auna tsufan. Ɗan kasuwar da ya taso a gidan da ake goge tasa da toka sai ga shi yana hana yaronsa taɓa ƙurar da ke kan kaya.

Inda duk aka ce ana biyan kuɗi don baƙi, za a samu mai yin baƙin. Littafin Steiner ya bayyana yadda ake tsufar da sabon sassaƙe don ya dace da idon mai saye, kuma abin da ake yi wa katako da hayaƙi da ƙasa da rini ana yi wa ƙarfe da farar wuta da wuta. Dafaffen ƙwai da aka rufe da sulan azurfa cikin gwangwani yana iya baƙanta shi a yini guda. Wannan ya sa duhun sulai ya zama shaida mai buƙatar bincike kafin a karɓe ta. Yana iya zama gaskiya, yana iya zama ƙirƙira, yana kuma iya zama mayafi da aka lulluɓe aibi da shi, kamar gurbin kunnen da aka cire daga dalar kwalliya, ko hujin da aka toshe da dalma, ko zanen tsohuwar guga.

Dalar Maria Theresa tana da nata tarkon na musamman. Sarauniyar ta rasu a 1780, kuma duk dalar da aka buga bayan nan wannan shekarar take ɗauke da ita. An ci gaba da buga ta a Biyana, sannan tsakanin shekarun 1930 da farkon 1960 an buga miliyoyi a Roma da Landan da Faris da Burusal da Bombai da Bamingam. Mai dalar da ya ga 1780 da baƙi a jikinta ya ɗauka ya riƙe dukiyar ƙarni biyu da rabi, alhali wataƙila ba ta girmi mahaifinsa ba. Darajar galibinsu ita ce ta azurfar da ke ciki, giram 23 da kaɗan. 'Yan kaɗan ne na farkon bugu, kuma ana gane su ne da ƙananan alamomi a rubutu da tambari da gefen sulai, wato daidai abubuwan da guga ke fara shafewa.

Dubawa kafin taɓawa

Wanda ya san aikin yakan fara da sikeli da maganaɗisu, tun kafin ya kula da launi. Nauyin da ya kauce wa giram 28 na liyari ko 25 na faran biyar fiye da abin da gogewar hannu za ta iya ci, alama ce ta jabu. Azurfa da tagulla ba sa bin maganaɗisu, tsantsar nikel kuwa tana bi. Tsofaffin fatake da amo suke gwadawa, domin azurfar bugu tana da doguwar ƙara, ta zubi kuwa gajeruwa ce, sai dai jefa sulai a ƙasa don a ji amonsa yana iya lotsa gefensa.

Daga nan sai a riƙe shi ta gefe, a karkata shi ga haske, a duba da gilashin ƙara girma. Baƙin da ya zo a hankali yakan fi duhu a lunguna, tsakanin haruffa da kewayen baki, tudun hoton kuma ya yi haske saboda yatsu sun shafe shi. Launi yakan narke daga wani zuwa wani ba tare da iyaka ba. Baƙin da aka yi da gaggawa yakan kwanta bai ɗaya a tudu da kwari, ko ya yi dabbare-dabbare kamar an zuba, wani lokaci ma da sauran wari. Idan ana ganin rubutu sumul ta cikin duhun, babu tudu babu rami, hukuncin da ya fi dacewa shi ne a bar shi yadda yake. Da yawan sulallan da suka lalace a hannun magada lafiyarsu ƙalau kafin a yi musu gyaran gangar Abzinawa.

Kore shi ne ke buƙatar tsinke. Akan taɓa ɗigon a hankali da tsinken sakace, ba allura ba. In ya tsaya daram, tsohon kore ne mai lafiya. In ya zube kamar gari ya bar rami, cuta ce. In kuma ya yi danƙo yana manne wa tsinken, to daga ma'ajiyarsa ne: jakar fata takan yi wa tagulla haka, haka ma leda mai laushi ta PVC da ake sa sulalla a ciki, wadda ke zubar da wani mai idan ta ji zafi. Wannan na ukun shi ne mafi sauƙi, asiton kan narkar da shi ba tare da ya taɓa ƙarfen ba. Inda aka yi shakka akan ɗauki hoton sulan a ajiye shi shi kaɗai na 'yan makonni. Koren da ya ƙaru ko ya sake tsirowa bayan an kakkaɓe shi ya ba da amsa da kansa.

Ilimin magance wannan cuta bai daɗe ba, kuma shi ma danshi ne ya tilasta shi. Friedrich Rathgen ya buɗe ɗakin bincike na gidajen tarihin Balin a 1888, saboda kayan da aka kwaso daga busasshiyar ƙasar Masar suna lalacewa da isarsu Turai. A Landan kuwa, Gidan Tarihin Birtaniya ya ɓoye kayansa a ramukan jirgin ƙarƙashin ƙasa a ƙarshen Yaƙin Duniya na Farko, da aka fito da su aka tarar laima ta yi musu ɓarna. Aka kira masanin sinadarai Alexander Scott, wanda a 1921 ya ba da shawarar jiƙa tagulla mai cuta cikin ruwan wani gishiri ɗan'uwan kanwa, ana sauya ruwan har kuloraid ya fita, aikin da kan ɗauki makonni ko watanni. A 1967 Brinch Madsen na ƙasar Denmak ya gabatar da sinadarin benzotirayazol, wanda ke rufe saman jan ƙarfe ya hana cutar motsi. Ana amfani da shi har yau, amma da safar hannu da taka-tsantsan, don ana zargin yana da illa ga lafiya. Kamancin gishirin Scott da kanwa bai sa kanwar kasuwa ta zama magani ba, domin ita kanta gauraye take da gishirin da ake gudu.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi da ke mayar da ƙarfen da ya tafi. Ramin da cuta ta haƙa yana nan, abin da ake samu kawai shi ne a tsayar da ita. Don haka a gari irin Abijan rabin aikin ajiya ne: a raba mai cuta da masu lafiya, a fitar da su daga jakar fata da leda mai laushi da ƙullin tsumma, a daina kama fuskar sulai da yatsa tunda gumi gishiri ne, a sa kowanne cikin takarda marar asid a rufe cikin kwalba mai matsattsen murfi tare da ƙwayoyin nan masu shan danshi da akan tarar a kwalin sabon takalmi. Su ma ƙwayoyin suna ƙoshi. A watan Yuni, lokacin da ruwa ya fi sauka a Adjamé da Treichville, kwalbar da ake yawan buɗewa sai an riƙa fitar da ƙwayoyinta ana gasa su a wuta marar ƙarfi kafin a mayar.